Hanyoyin Rani a Gandun Dajin Tafkin Kainji: Daga Tunga zuwa Kogin Oli

Gandun Dajin Tafkin Kainji shi ne gandun daji na ƙasa na farko a Najeriya. An kafa shi a shekarar 1979, lokacin da gwamnatin tarayya ta haɗe tsofaffin gandayen namun daji biyu, na Borgu da na Zugurma, ta mayar da su ƙarƙashin hukuma ɗaya. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 5,340. Sashen Borgu, wanda ke yamma da tafkin, ya ɗauki kusan 3,970, ya kuma shiga cikin Jihar Kwara ta wajen Kaiama, sannan ya miƙe har kusa da iyakar Jamhuriyar Benin. Sashen Zugurma, mai kusan 1,370, yana gabas da Kogin Neja, wanda Hausawa suka fi sani da Kwara tun kafin a raɗa wa wata jiha wannan suna.

Hanyoyin da ke cikin gandun ba su da kwalta. Turbobi ne na jar ƙasa da yashi da tsakuwa, waɗanda aka share domin sintirin ma'aikata da yawon masu ziyara, kuma ba duk shekara ake iya bin su ba. Rani ne ke buɗe su, damina ta rufe. Duk wanda ke son fahimtar yadda ake shiga wannan daji, da kuma dalilin da ya sa shigarsa ta yi wuya a 'yan shekarun nan, to daga nan ya kamata ya fara.

Hanyar da ke da lokacinta

Ruwan sama yakan sauka a ƙasar Borgu daga wajen watan Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba, kuma abin da ake samu a shekara ya ɗara milimita 1,000. A waɗannan watanni rafuka kan cika su batse, mashigai su nutse, fadamu su zama taɓo. Ciyawar gamba takan yi tsawon da ya wuce mutum a tsaye, har ta haɗe kai daga gefe biyu na turba, ta yadda ko mota ta samu ta wuce, mai kallo ba zai ga abin da ke taku goma daga gare shi ba. Ƙudan tsando kuma yakan yi yawa a bakin ƙoramu.

Da zarar ruwa ya ɗauke, aikin buɗe hanya yakan fara. Ma'aikatan gandun kan sa wa ciyawa wuta da gangan a farkon rani, wajen Nuwamba da Disamba, tun tana da sauran danshi. Wutar farko ba ta da zafin da za ta kashe manyan itatuwa, tana rage busasshiyar ciyawar da gobarar bazara za ta ci, sannan bayan 'yan makonni sabon toho yakan fito a kan toka, wanda shi ne abin da dabbobin da ke cin ciyawa suka fi so. Bayan ƙona daji sai a bi turbobi a cike ramukan da zaizaya ta haƙa, a janye itatuwan da iska ta kayar, a gyara mashigai. Daga Disamba zuwa ƙarshen bazara ne lokacin ziyara. Watannin hunturu sun fi daɗin tafiya, ko da yake hazo kan rage nisan gani. Maris da Afrilu kuwa zafi ne mai tsanani, amma a lokacin ne aka fi ganin namun daji, domin ƙishirwa takan kore su daga lunguna ta tara su a inda ruwa ya rage.

Irin wannan hanya mai zuwa da tafiya tare da yanayi tana da takwararta a can arewacin duniya, kuma abin mamaki a watanni kusan ɗaya. A Kanada da Alaska da arewacin Finlan, dusar ƙanƙara ce ke buɗe daji daga Disamba zuwa Maris. Tafkuna da fadamu kan daskare su zama fili, mutane su ratsa su a kan babur ɗin ƙanƙara, wani abin hawa mai sanduna biyu na zamiya a gaba da bel mai haƙora a baya. Wani makaniki ɗan garin Valcourt a lardin Kebek, Joseph-Armand Bombardier, shi ya fito da samfurin Ski-Doo a 1959, wanda ya yaɗa wannan abin hawa. A yau lardin Kebek kaɗai yana da irin waɗannan turbobi na kusan kilomita 33,000. Ƙungiyoyin mahaya wajen 200 ne ke kula da su, suna daddale ƙanƙara da injuna, suna kafa alamu, kuma kuɗin takardar izinin da kowane mahayi ke saya shi ke ɗaukar babban kaso na nauyin aikin. Idan ƙanƙara ta narke, hanya ta ɓace sai baɗi. Abin lura a nan shi ne, a can da nan, yanayi dama kawai yake bayarwa. Mutane ne ke komawa kowace shekara su sake fitar da hanyar, kuma shekarar da ba su koma ba, daji ya cinye ta ko wani ya gaje ta.

Daga Tunga zuwa Sabuwar Bussa

Mai tasowa daga Minna yakan fara ne daga Tunga, unguwar da ke kan titin da ya nufi Chanchaga da Paiko, inda masaukan baƙi da tashoshin mota suka yi yawa. Sunan unguwar kansa ya dace da tafiyar. A Hausa, tunga ita ce 'yar ƙaramar mazauna da masunta ko mafarauta ko manoma ke kafawa nesa da gari, kuma matafiyi zai iske ƙauyuka masu yawa da sunansu ya fara da Tungan a gaɓar tafkin da ya nufa.

Tafiyar ta wuce kilomita 300. Hanyar da aka fi sani ita ce ta Kataeregi zuwa Bida, daga nan a bi ta Kutigi zuwa Mokwa, sannan a karkata arewa maso yamma ta Zugurma da Ibbi har madatsar ruwa ta Kainji. Akwai kuma ta arewa, wadda ke bi ta Zungeru da Tegina da Kontagora. Zungeru ta cancanci tsayawa ga mai sha'awar tarihi, domin ita ce hedikwatar mulkin Turawa a Arewa daga 1902 kafin a koma Kaduna, kuma a nan aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904. Sai dai ɓangaren Tegina ya sha fama da 'yan bindiga, musamman a 2021. Hanyar Mokwa ma ba ta rasa nata ba. Tireloli da tankokin mai masu zirga-zirga tsakanin Legas da Arewa sun yi mata nauyi, kuma ambaliyar da ta afka wa garin Mokwa a ranar 29 ga Mayun 2025, wadda ta kashe mutum fiye da 150, ta nuna irin ɓarnar da ruwan dare ɗaya kan yi a wannan yanki.

A Ibbi ne matafiyi ke wucewa ta gefen sashen Zugurma. Wannan sashe bai taɓa samun turbobin ziyara kamar na Borgu ba. Ruwansa kaɗan ne da rani, ƙauyuka da makiyaya sun kewaye shi, shi ya sa yawancin baƙi kan wuce shi kawai.

Madatsar Kainji ita ce ƙofar Borgu, domin titin yana tsallake kogin ne a kanta. An fara ginin a 1964 aka kammala a 1968. An tsara mata injuna 12 amma takwas aka girka, masu ƙarfin megawat 760. Ruwan da ta tare ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya kuma haɗiye tsohon garin Bussa tare da ƙauyuka da dama, abin da ya sa aka sake wa mutum sama da 40,000 matsuguni. A ƙarƙashin wannan ruwa ne duwatsun da jirgin Mungo Park ya makale a kansu suke, inda ɗan yawon binciken na ƙasar Sikotlan ya rasa ransa a 1806. Sabuwar Bussa, wadda aka gina domin waɗanda aka tasa, ita ce mazaunin Sarkin Borgu da hedikwatar gandun. A garin akwai Kwalejin Tarayya ta Kula da Namun Daji da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa. Masarautar Borgu ba ta cikin Jihar Neja lokacin da aka ƙirƙiro jihar a 1976, sai a 1991 aka ciro ta daga Kwara aka haɗa.

Cikin sashen Borgu

Daga Sabuwar Bussa ana bi ta Wawa a shiga gandun. Ƙa'idar hukumar ita ce baƙo ya yi rajista, ya biya kuɗin shiga, a haɗa shi da ma'aikaci mai rakiya. Ba a farauta, ba a kunna wuta, ba a sauka daga mota sai inda mai rakiya ya amince. Mota mai tsayin ƙasa wadda duk ƙafafunta huɗu ke ja ita ce ta dace da turbobin, kuma babu gidan mai ko bakanike a ciki.

Turbobin suna da sunaye, waɗanda ma'aikata da ɗaliban da ke ƙidayar dabbobi ke amfani da su. Akwai turbar Shehu Shagari, da ta Bukar Shuaib, da ta Hussaini Mashi, da ta Gilbert Child, da wata mai suna Yankari. Kusan dukkansu suna da alaƙa da Kogin Oli, wanda shi ne ƙashin bayan wannan sashe. Oli ya taso ne daga ƙasar Benin, ya ratsa gandun, ya faɗa cikin Neja a ƙasa da madatsa. Da rani yakan tsinke ya bar gurabe masu zurfi tsakanin duwatsu da rairayi. A waɗannan gurabe dorina ke wuni, kada na shan hantsi a gefe. A bakin kogin ne aka gina sansanin Oli, inda a da masu ziyara kan kwana su fita da asuba ko da la'asar sakaliya, lokutan da dabbobi suka fi motsi.

Dajin na doka ne da baƙin makarfo da taura da baushe, da kawo da ƙirya da kaɗanya a warwatse. A gaɓar kogi itatuwa kan yi duhu, kanya da marke da maje su haɗa inuwa. Dabbar da baƙo ya fi saurin gani ita ce mariya, mai jan gashi, wadda ba ta nisa da ruwa. Akwai gwanki, da kanki, da gwambaza, da mazo, da gada, da batsiya, da ɓauna, da mugun dawa mai gudu da wutsiya a tsaye. Gwaggon biri kan zauna a tsakiyar turba ya ƙi tashi sai mota ta matso. Masu kallon tsuntsaye kuwa ba su rasa abin yi, daga burtu da zabin daji da fakara har shamuwa da zalɓe. Giwa, wadda a da take cikin abubuwan da ake zuwa gani, ta zama sai labari.

Zaki ne ya ba Kainji matsayin da ya wuce na wurin shaƙatawa. Wani bincike da ƙungiyar Panthera ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2014, ya ƙiyasta cewa zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, kuma a wurare huɗu kawai: Niokolo-Koba a Senegal, da gandayen W da Arli da Panjari da suka haɗa Nijar da Burkina Faso da Benin, sai Kainji da Yankari a Najeriya. Kason Kainji a wannan ƙiyasi bai wuce kimanin 30 ba. A 2015 aka sanya zakin Afirka ta Yamma cikin jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa. Ganinsa a Borgu ya daɗe da zama sa'a, sau da yawa sawunsa a kan yashin turba da safe shi ne iyakar abin da baƙo ke samu. Amma ko sawun ma hujja ce, kuma da ita masu bincike ke aiki. Inda ba a bin turba, ba a ƙidaya.

Tafarkin fatake

Ratsa dajin Borgu da rani ba sabon abu ba ne ga Hausawa. Ta nan ɗaya daga cikin manyan hanyoyin fataucin goro ta bi. Ayarin Kano da Katsina da Sakkwato kan tsallake Kwara a wajen Yawuri ko Bussa, su bi ta Wawa da Kaiama ko ta Nikki, su wuce Jugu, har Salaga a ƙasar Gwanja, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Hugh Clapperton, da ya biyo ta Kaiama a 1826 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ya tarar da ayarin Hausawa na mutum wajen dubu suna dawowa daga Gwanja da dabbobin dakonsu. Su ma da kaka suke tashi, su yi ƙoƙarin komowa kafin rafuka su cika. Madugu ke shugabancin ayari, jagaba ya yi gaba yana duba hanya da zango, a kuma biya fito da kuɗin wucewa ga sarakunan da aka ratsa ƙasarsu. Borgu ta yi suna wajen 'yan fashi a wancan zamani, don haka ba a shigarta sai da yawa da shiri. Kalmar jagaba ta sake fitowa fili a siyasar yau ta dalilin sarautar Jagaban Borgu, wadda marigayi Sarki Haliru Dantoro ya naɗa wa Bola Ahmed Tinubu a 2006.

Ta ruwa

Tafkin ma hanya ne. Yana samun cika sau biyu. Farin ruwa, mai laka, yakan zo daga damunar yankin wajen Agusta zuwa Oktoba. Baƙin ruwa kuma, wanda ya taso daga tsaunukan Gini ya tace a fadamun Mali, sai cikin hunturu yake isowa. Saboda haka tafkin yakan kasance a cike a daidai lokacin da daji ya bushe. Sarkawa da sauran masunta sun kafa tungaye a gaɓarsa, jiragen kwale-kwale masu inji na jigilar mutane zuwa kasuwanni. Haɗarin shi ne kututturan itatuwan da ruwa ya rufe tun 1968, da lodi fiye da kima, da rashin rigar kariya. A watan Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga yankin Borgu zuwa Wara a Jihar Kebbi ya karye a tsakiyar ruwa, mutane da dama suka halaka.

Waɗanda suka gaji turbobin

Babu amfanin kwatanta wa mai karatu sansanin Oli ba tare da faɗin halin da ake ciki ba. Tun wajen 2020 aka fara samun rahotannin 'yan bindiga a cikin gandun. A watan Oktoban 2022 aka kai hari barikin soja na Wawa, inda ake tsare da waɗanda ake tuhuma da ta'addanci, sojoji suka daƙile shi. A watan Yunin 2024 cibiyar bincike ta Clingendael da ke ƙasar Holan ta fitar da rahoton da ya ce masu tayar da ƙayar baya daga yankin Sahel sun bi ta arewacin Benin sun samu mafaka a Kainji, kuma a lokacin mazauna yankin sun shaida wa manema labarai cewa an fi shekara ba a karɓar masu ziyara. A watan Agustan 2025 mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya sanar da kama shugaban ƙungiyar da ake kira Mahmudawa, wadda ya ce a kewayen gandun take da sansani. A ranar 21 ga Nuwamban wannan shekara aka sace ɗalibai da malamai masu yawa daga wata makaranta a Papiri, cikin ƙaramar hukumar Agwara mai maƙwabtaka da Borgu.

Abin hawan waɗannan mutane babur ne. Shi ne ke bin turbar da mota ba ta iya bi, ya tsallake busasshen rafi, ya ɗauki mutum uku da kaya, a kuma ɓoye shi a ƙarƙashin itace. Abin da ya sa manomi da malamin asibitin ƙauye da ma'aikacin gandu ke dogaro da shi, shi ne ya sa ɗan bindiga ke neman sa. Gwamnatin Jihar Neja ta taɓa hana sayar da wasu nau'o'in babura a 2021 saboda wannan dalili, matakin da ya fi ƙuntata wa mutanen karkara, tun da mai laifi ba a kantin gari kaɗai yake samun babur ba. Lokacin da rani ya buɗe daji ga mai ziyara, ya buɗe shi ga kowa.

Akwai yunƙurin maido da gandun. A 2023 Hukumar Kula da Gandayen Daji ta Ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa ta dogon lokaci da ƙungiyar West African Conservation Network domin tafiyar da Kainji, sannan a watan Mayun 2025 gwamnatin tarayya ta amince da ɗaukar dakarun tsaron daji domin dazuzzukan ƙasar 1,129. Ko waɗannan matakai za su yi tasiri, abin da zai nuna shi ne a ga ma'aikata sun koma suna share turbobin Oli kowane Nuwamba, suna kwana a sansanoninsu na Kali da Doro da Kemenji. Kafin nan, wanda ke da niyyar zuwa ya fara tuntuɓar hedikwatar gandun a Sabuwar Bussa ko ofishin hukumar a Abuja, kada ya dogara da tsofaffin littattafan yawon buɗe ido ko hotunan intanet.

Abin da ke kusa da Minna

Dajin Allawa da ke ƙaramar hukumar Shiroro yana cikin gandaye goma da gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga su zuwa matsayin na ƙasa a 2020, amma matsalar tsaro a can ta fi ta Borgu daɗewa, kuma ba wurin ziyara ba ne a yanzu. Wanda ya tashi daga Tunga yana neman fita ta wuni ɗaya, magangarar ruwa ta Gurara ta fi masa sauƙi. Tana kan hanyar Minna zuwa Suleja, a bi ta Paiko, a ratse kafin Lambata ta kammala ɓacewa a baya ko kafin a kai ta, gwargwadon inda aka fito. Ruwan yana zubowa daga tsayin kusan mita 30 a kan faɗin da ya kai mita 200. Lokacinta ya saɓa da na Kainji: da damina take cika tana ruri, ba a kusantar ta, sai daga Janairu zuwa Maris ruwan ke ja baya har a iya sauka kan duwatsun da ke ƙasanta.